Tukunyar Maƙwabciya

A Maitama akwai wani yanki da aka raɗa wa titunansa sunayen manyan kogunan duniya, ga Nilu, ga Amazon, ga Misisifi, ga Zambezi. A kan ɗaya daga cikin titunan nan wani Alhaji yake da gida. Mutumin ƙasar Katsina ne, iyayensa daga wajen Batsari suka fito, amma ya haura shekara talatin a Abuja. Gida ne irin na unguwar: doguwar katanga da waya a samanta, rumfar motoci, janareta biyu don in ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa, da furanni da ake ba ruwa safe da yamma ko da rani ya kai rani. Alhaji ba mugu ba ne, duk wanda ya zauna da shi zai ba da wannan shaida. Yana da fara'a, ba a rasa shi a wajen jana'iza, kuma mai roƙo in ya dace da shi a bakin ƙofa ba ya komawa hannu wofi.

Dukiyar da ke hannunsa tana da asali. Mahaifinsu ya rasu ya bar gidajen mai huɗu, da gonaki, da shaguna a Katsina da Kano, ya kuma bar 'ya'ya bakwai. Bayan sadakar arba'in aka zauna aka ce raba gado zai raunana gida, gara babban wa ya riƙe ya juya, kowa ya ci albarka. Tun daga ranar duk abin da gidajen man suka kawo Abuja yake nufa, daga nan Alhaji ya yanka wa kowa abin da ya ga ya dace.

Ƙanensa mai bi masa bai zauna jiran yanka ba. Ya tafi Baga, bakin Tafkin Chadi, ya kama fataucin banda, yana cika kwalaye da kifi yana aikawa kudu. Allah ya buɗa masa daidai gwargwado, ya yi aure, ya gina gida. A farkon Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka auka wa Baga, suka ci barikin soja, suka bi gari da ƙauyukan kewaye da wuta. Ya fita da asuba zai dubo shago, ba a sake ganinsa ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Matarsa ta goya ƙarami ta kora huɗu a gaba, suka bi daji da ƙafa har inda suka sami motar Maiduguri. Sun yi watanni a sansanin 'yan gudun hijira kafin Alhaji ya tura direba ya ɗauko su.

Ranar da suka iso an yanka rago. An tara dangi, Alhaji ya yi jawabi har ya share hawaye, ya ce muddin yana numfashi yaran nan ba za su san maraici ba. An ɗauki hotuna. Da baƙi suka watse aka nuna musu ɗakuna biyu a can ƙuryar gida, inda masu aiki ke kwana, jikin ɗakin janareta, aka ce su zauna nan tukuna kafin a gyara musu wuri.

A bayan wannan katanga wata Baturiya take zaune, ma'aikaciyar ɗaya daga cikin ofisoshin jakadancin da suka cika Maitama. Daga benenta ana hango tsakar ɗakunan. Wata rana ta ga yara uku sun kewaye tukunya suna kankarar ƙanzo da cokali ɗaya, suna karɓa-karɓa. Ta sauko ta sami maigadin Alhaji ta tambaye shi 'ya'yan waye. Maigadin dattijo ne mutumin Gwoza, ya baro garinsu a 2014 lokacin da aka ci shi, iyalinsa kuma suna sansanin Durumi a cikin Abujar nan, a rumfar leda da buhu. Kowa Baba yake ce masa. Ya gaya mata abin da ya sani bai ƙara ba bai rage ba. Ta ɗauko ɗan littafi ta rubuta su, uwa da yara biyar, kowa da shekarunsa. Washegari kula ta ƙetaro ta ƙaramar ƙofa, shinkafa da wake da mai. Jibi ma haka. In zazzaɓi ya kama yaro, magani ya biyo kular.

Da labari ya kai kunnen Alhaji, da fari kunya ta kama shi. Ya kwana biyu bai sake ba. Sai ya sa babbar riga ya je ya yi mata godiya, ya kai mata tumtum na fata aikin Kano, suka tsaya aka ɗauke su hoto suna gaisawa. Ya dawo yana gaya wa abokai irin maƙwabciyar kirkin da Allah ya haɗa shi da ita. Wata ya wuce, shekara ta wuce, kunyar ta tafi, kular ta zauna. Har ya kai in kuku zai yi lissafin cefanen wata ba ya sa ɗakunan baya a ciki, ba don an hana shi ba, kowa dai ya san nasu yana zuwa ta katanga.

Kada a ce Alhaji bai ware musu komai ba. Ya ware. A littafin akawunsa akwai layi guda mai suna kuɗin marayu, kuma adadin da ke rubuce a wurin ba na rainawa ba ne. Sai dai kuɗin suna da doguwar hanya. Akawu yake fitarwa ya miƙa wa babban yaron gida, shi ya ba direba ya sayo, direba ya sauke a wurin kuku, kuku ya auna ya aika baya. A kowane zango akwai abin da ke maƙalewa, kuma kowa yana da sunan da yake kiran nasa: kuɗin takarda, kuɗin mai, kuɗin dako, abin da ɓera ya ci a sito. Buhu goma ake rubutawa, huɗu ko biyar su isa. Akwai shekarar da aka fitar da kuɗin da za su ciyar da su wata shida aka ce an biya masu nome ciyawar bayan ɗakunan, don kada maciji ya sari yara.

Baba maigadi yana ganin duk wannan, domin ta ƙofarsa buhunan suke shiga. Yana da 'yar rediyo da ba ta barin kunnensa. A cikinta ya ji, a watan Yunin 2016, cewa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun samu shiga Bama sun tarar da mutum wajen 24,000 a cunkushe a harabar asibiti, sun kuma ƙirga kaburbura 1,233 a gefen sansanin, 480 daga ciki na yara ne. Ya san Bama, hanyarsu ce in za su Maiduguri. A cikinta ya ji, bayan shekara guda, fadar Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo da kanta tana cewa a baya in an loda tirela 100 ta hatsin agaji zuwa Arewa maso Gabas, 50 ne suke isa. Ranar da ya ji wannan direba ya shigo da buhuna, Baba ya buɗe masa ƙofa, ya bi bayan motar da ido yana ƙirgawa a zuci. Bai ce komai ba. Mai gadi da albashinsa yake ciyar da mutum tara a Durumi ba ya cewa komai.

A 2019, shekarar da Shugaba Buhari ya ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta harkokin jinƙai, Alhaji ma ya ga ya kamata a gyara tsari. Ya naɗa wata 'yar'uwar matarsa ta zama mai kula da marayu, aka ba ta ɗaki da tebur da mota da waya. Hanyar kuɗi ta ƙaru da zango guda. Ta yi shekarunta aka kawo wata, ita kuma ba ta daɗe ba aka tarar kuɗin marayu sun kwana a asusun wata ƙawarta. Alhaji ya yi faɗa sosai, ya sallame ta, ya ce za a bincika. A kwanakin ne, Janairun 2024, gari ya ɗauka cewa Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum. Alhaji yana cikin waɗanda abin ya fi ɓata wa rai. A falonsa ya ce wanda duk ya taɓa abincin ɗan gudun hijira bai ji tsoron Allah ba, kuma da gaske yake faɗa.

Kafin nan ɗakunan baya sun sami ƙarin baƙi. 'Yar ƙanwar Alhaji ce, wadda aka aurar a wani ƙauye yamma da Batsari. 'Yan bindiga sun ɗauke mijinta a gona, aka sayar da shanu biyu da gonar aka kai kuɗin fansa, suka ce a ƙaro babur, aka ƙaro, bai dawo ba. Garin ya watse. Ta iso Maitama da yara biyu da tsohon ciki. Ita ba a yanka mata rago ba, an dai ce ta shiga wurin matar kawunta su zauna. Baba ya je ya gaya wa Baturiya an ƙaru. Ta yi shiru, ta buɗe littafinta, ta ce abin da ofishinsu ya amince mata na mutum shida ne, waɗanda suka fito daga Borno, kuma ta rubuta ta nemi ƙari amma ba ta da tabbas. Ba a ƙara ba. Haka abin yake a babban fage ma, ga wanda ya bibiya: tsarin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa kowace shekara na Borno da Adamawa da Yobe ne, mutanen Zurmi da Jibiya da Sabon Birni kuwa, da dubban da suka tsallaka jihar Maraɗi, sun daɗe suna faɗawa tsakanin littafin baƙo da littafin mai gida. Kular mutum shida ta koma ciyar da tara, da aka haihu ta koma ta goma.

Ranar Asabar 21 ga Disamba 2024, tun kafin kiran assalatu, matar marigayi ta zo bakin ƙofa sanye da hijabi ta ce Baba ya buɗe mata. Ta ji ana rabon shinkafa a cocin Katolika na Holy Trinity, nan cikin Maitama, kuma ba sa tambayar addinin mutum. Baba ya ce, "'Yata, ki bari gari ya waye." Ta ce, "Baba, in gari ya waye ai an gama." Ta tarar da mutane sun yi dafifi a bakin ƙofar cocin, wasu tun dare suka sauko daga Mpape da sauran unguwannin bayan gari. Aka yi turereniya. Mutum 10 suka rasu a wurin, 4 daga ciki yara. Ta dawo da hantsi ba takalmi, ba shinkafa, tana dafe da haƙarƙari, ta roƙi Baba kada ya gaya wa kowa inda ta je, don kada a ce ta kunyata gidan Yaya Alhaji. Masu cocin alheri suka nufa, Allah ya sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin inda aka tattake mutanen nan da gidajen da ake zubar da ragowar abinci a kwandon shara kowane dare ba ta fi a taka da ƙafa ba, kuma ofishin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, yana nan kusa, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Sai 2025 ta kama. Sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje tun a watan Janairu, ta kama rushe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. Kafin damina ta sauka Baturiya ta ɗaure kaya. Ta zo ƙaramar ƙofa ta yi sallama da yara tana kuka, ta bar musu abin da ya rage a sitonta, ta ba Baba wani ɗan tsiri na awon damtsen yaro mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta nuna masa yadda ake naɗawa. Ta ce in ya nuna ja a garzaya asibiti.

Alhaji ya ji zafin tafiyar nan ƙwarai. Ya ce ba a yin haka, mutum ya saba wa yara da abu shekara goma sannan rana ɗaya ya janye hannu ba shiri. A nan yana da gaskiya, yanke abinci kwatsam ga wanda ya dogara da shi zalunci ne ko daga wa ya fito. Ya ce zai duba lamarin. Ya kira akawu ya ce a ɗan ƙara wani abu a layin marayu, aka ƙara, ƙarin ya bi tsohuwar hanya.

A ƙarshen Yuli Gwaggo ta zo daga Katsina za a cire mata yanar ido. Ƙanwar mahaifinsu ce, ita kaɗai ta rage a sahun iyaye, ta haura tamanin amma hankalinta garau. Aka yi aiki lafiya, aka sauke ta a ɗakin baƙi mai na'urar sanyi, ana kai mata farfesu. Da aka cire bandeji likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki. Wata safiya bayan ta idar da lazimi ta ɗauki sandarta ta zaga gidan, ta wuce rumfar motoci, ta wuce kejin karnuka, ta bi ƙarar janareta har ta ɓulla tsakar ɗakunan baya. Ta tarar da jikarta zaune a kan tabarma da yaro a cinya. Ya kusa shekara biyu amma ba ya tsayuwa. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya kuka sai wani ɗan nishi. Gwaggo ta danna yatsa a bayan ƙafarsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ga irin wannan a yunwar 1973, ba ta bukatar a gaya mata sunansa.

"Me yake ci?"

"Koko, Gwaggo. In an samu garin kwaki a jiƙa masa. Nonon ya ƙafe tun azumi."

"Kawunki ya sani?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Baba maigadi, da ya biyo bayan tsohuwar don kada ta faɗi, ya zaro tsirin nan daga aljihu ya naɗa a damtsen yaron ya nuna mata. Ya ce, "Hajiya, kwana tara ke nan yana nuna ja. Na gaya wa mai kula da su, ta ce ta rubuta."

Gwaggo ba ta ce uffan ba. Ta koma ɗakinta, aka kawo abincin rana ta ce a mayar.

Da daddare ruwa ya sauko, baƙin Alhaji suka maƙale a falo ana shan shayi. Hira ta gangaro kan abin da ake ta faɗa a labarai a makon. Hukumar Abinci ta Duniya ta ce kayanta sun ƙare, za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe za su rufe, abin da zai shafi yara sama da 300,000. Wani baƙo ya ƙara da cewa MSF ta ce a jihar Katsina kaɗai yara 652 suka rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a wata shida na farkon shekara. Da aka ambaci Katsina Alhaji ya ajiye kofi ya yi salati. Ya ce Turawan nan ba su da amana, sun ga mutane a tsakiyar kogi sun janye kwalekwale. Baƙi suka ce, "Wallahi haka ne, ranka ya daɗe."

Ɗansa na biyu, wanda ya karanta aikin akanta, yana gefe yana latsa waya. Ya ce, "Abba, in an ba ni dama. Hukumar ta ce dala miliyan 130 take nema ta kai ƙarshen shekara. A canjin yau wajen naira biliyan 200 ke nan. Kasafin kuɗin tarayya na bana ya kusa tiriliyan 55. Na buga, bai kai kobo 50 ba a cikin kowace naira 100." Wani ya ce ai gwamnati ta yi ƙoƙari, majalisa ta sa dala miliyan 200 a kasafin don toshe giɓin da Amurka ta bari a fannin lafiya. Yaron ya ce haka ne, kuma wannan ya nuna in an so ana iyawa, magani aka toshe, saura abinci. Ya ce tsarin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya na bana dala miliyan 910 ya nema don mutum miliyan 3.6, kuma shekara da shekaru mu ne muke zuwa otal a yi bikin ƙaddamar da shi, a yi jawabi, sannan a jira baƙi su cika kwanon. Alhaji ya ce, "Kai dai bari. Shugabanninmu sai addu'a."

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofar falo. Gwaggo ce. Baƙi suka miƙe suna gaishe ta, Alhaji ya taso ya kama hannunta.

"Gwaggo, da kin aiko ai da na zo. An ce ba ki ci abinci ba, ko jikin ne?"

"Jiki lafiya lau, ɗan nan. Ido ya buɗe, alhamdu lillahi. Na jiyo kuna hira ne na ce bari in zo a yi da ni, tsufa ba ya son kaɗaici."

Aka zaunar da ita. Ta ce ita ba ta san dala ba, amma hirarsu ta tuna mata wani labari da malamai ke bayarwa a tafsiri. A zamanin Sayyadina Umar aka yi fari a Hijaz har ƙasa ta koma kamar toka, mutanen ƙauye suka kwararo Madina ba su da komai. Umar ya buɗe baitulmali, ya sa aka girka manyan tukwane, shi da kansa yake zagawa yana duba wa ya ci wa bai ci ba. Ya rantse ba zai ɗanɗana nama ko man shanu ba sai jama'a sun samu, ya koma gurasa da man zaitun har fatarsa ta yi duhu. Ya aika wa gwamnoninsa, Abu Ubaida ya taso daga Sham da raƙuma niƙi-niƙi da abinci.

"Abin da nake so ku gaya mini, ku da kuka yi karatu," in ji ta, "a duk tafsirin da na saurara ban taɓa jin malam ya ce Umar ya zauna jiran Sarkin Rumawa ya aiko ba. Ko kuwa ni ce ban ji da kyau ba?"

Baƙi suka ce a'a, ba a taɓa faɗa ba. Wani ya ce ai shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara, ya kamata masu mulki su ji wannan. Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta juya wajen jikanta mai waya ta ce tunda ya iya lissafi ya taya ta wani, kanta ya tsufa.

"Yayana 'ya'ya nawa ya bari?"

"Bakwai, Gwaggo. Maza huɗu, mata uku."

"An raba?"

Falo ya yi tsit. Alhaji ya ce, "Gwaggo, ai kin san yadda aka yi. Da ke aka zauna."

"Da ni aka zauna, shi ya sa nake tambaya. Mun ce ka riƙe, ba mu ce mun ba ka ba. To na Baga, Allah ya jiƙansa, rabonsa na gidajen man nan yana hannun wa? Uwar yarinyar nan ta Batsari, nata rabon yana hannun wa?"

"Yana cikin dukiya, Gwaggo. Kuma duk wata ina fitar musu da sadaka, akawu yana nan a tambaye shi."

"Sadaka." Ta ɗan yi shiru. "Alhaji, mutum yana yi wa maraya sadaka da kuɗin uban marayan? Baturiyar nan da kuke zagi, ita ce ta yi sadaka, don ba ta haɗa komai da su ba, kuma ta yi shekara goma tana yi. Allah ya saka mata. Ta gaji ko an hana ta, ta tafi garinsu. Kai kuwa bashi ne a wuyanka, kuma ba ka da garin da za ka tafi ka bar su. Yaushe rabonka da taka ƙafa bayan ɗakin injin nan?"

Alhaji ya buɗe baki bai sami abin faɗa ba. Baƙi suka fara duban agogo, ɗaya ya ce ruwa ya tsagaita. Gwaggo ta ce su zauna, ba ta zo tozarta kowa ba, ɗanta ne, ita ta yi masa wanka yana jariri. Ta ce akwai yaro a bayan gidan nan da in aka kai jibi ba a kai shi asibiti ba, to a nemi likkafani.

Nan Alhaji ya miƙe da gaske, jikinsa har rawa yake. Ya ce wallahi bai sani ba, ba wanda ya gaya masa. Ya ce gobe da safe zai tara akawu da mai kula da marayu da babban yaro, a kafa kwamiti a gano inda kuɗin suke maƙalewa, a kuma nemi wata ƙungiya da za ta maye gurbin Baturiya.

"Su ɗin za ka tara su binciki kansu?" in ji Gwaggo. "Kuma ka sake neman wata katangar? A'a. Mukullin mota nake so yanzu, da mukullin sito. Gobe ka aika a kira matar ƙanenka nan falon, ta zauna a kujera, a karanta mata abin da ake rubutawa da sunanta duk wata, ta faɗi abin da yake isa hannunta. Daga yau abin da za a ba su a damƙa mata hannu da hannu, a gaban yaron nan mai lissafi. Sannan a fito da littafin gado."

A daren ɗan Alhaji ya tuƙa babbar motar uban, uwar yaron a baya, Baba maigadi a gaba yana riƙe da tsirin awo a hannu kamar za a tambaye shi shaida. Aka ba su gado, aka fara ba yaron madarar da ake ba masu tamowa kaɗan-kaɗan, domin cikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi lokaci guda. A hanyar dawowa Baba ya ce, "Yallaɓai ƙarami, in ka sami sarari wata rana ka zo Durumi da wayar nan taka. Akwai lissafi a can ma."

An buɗe sito washegari, an kai buhu biyu baya. An kira matar marigayi falo, ta zauna a bakin kujera, aka karanta mata adadin, ta ce ita ba ta taɓa ganin abin da ya wuce rabinsa ba, aka sallami direba shi kaɗai. Littafin gado kuwa akawu ya ce sai an ba shi mako uku ya haɗa takardu, da mako ukun suka cika ya nemi ƙarin wata guda, Alhaji kuma tafiya ta kama shi zuwa Dubai. Gwaggo ta sa an kwashe kayanta daga ɗakin baƙi an kai ɗakunan baya, ta ce abin da aka dafa a can shi za ta ci. An aiko mota daga Katsina sau biyu ta mayar da ita, ta ce a gaya musu ba za ta taho ba sai an karanta littafin a gabanta.